Ba tarin fuka ba ne: yadda aka gano cutar LAM a huhuna

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, da mazan da ke riƙe da mata. Ni malamar firamare ce a wani gari cikin jihar Katsina, matar aure, Allah ya ba ni 'ya'ya biyu, mace da namiji. Ina ɗauke da wata cutar huhu da likitoci ke kira LAM, wadda kusan mata kaɗai take kamawa, akasari kuma a shekarun haihuwa. Sai da na sha maganin asma, na sha na tarin fuka har ƙarshensa, huhuna ya sace ta dama ya sace ta hagu, kafin wani ya ambaci sunanta a gabana.

Abin ya faro ne bayan haihuwata ta biyu, ina da shekara 29. Haki ne kawai. In na share tsakar gida sai na dafa bango na huta. In na hau bene zuwa ajina, sai in tsaya a bakin ƙofa ina yi kamar ina gyara mayafi, don kada yara su ga ina neman numfashi. Kowa ya ce jego ne bai sake ni ba. Inna ta ce jini ne ya yi ƙasa, ta shiga dafa mini zogale da hanta. Aka auna jinin, aka ce lafiyarsa lau. Da hunturu ya shigo, ƙura ta turnuƙe, ƙirjina ya fara ƙara da daddare, sai aka ce asma ce, aka ba ni inhela. Kuma ta ɗan yi mini aiki, wannan ne ma ya ƙara rufe maganar. Daga baya aka yi mini bayani cewa wasu masu LAM hanyoyin iskarsu kan tsuke, inhela kuma takan ɗan buɗe su, don haka sauƙin da na ji gaskiya ne, sunan ciwon ne ba daidai ba.

Ranar da na ga ɗigon jini a kakina, labari ya sauya. Tari, rama, jini: a ƙasar nan wannan suna ɗaya gare shi. Aka tura ni sashen masu tarin fuka, na ba da kaki aka saka a na'urar GeneXpert, sakamako ya ce babu ƙwayar cutar. Aka ɗauki hoton ƙirji, jami'in ya ɗaga shi a hasken taga ya ce bai yi tsabta sosai ba, gara a fara magani a gani. Maganin wata shida ne, kyauta, kuma na sha shi kaf ban tsallake ba. Fitsarina ya koma ja, kamar yadda suka ce zai yi. Haki kuwa yana nan inda na bar shi.

Ciwon bai ƙona mini rai ba kamar yadda zaman wata shidan nan ya yi. Aka ware mini kofi da kwano da cokali, aka ɗaura wa kofin jan zare a hannu don kada yara su ɗauka. Hajiya, mahaifiyar mai gidana, ta zo ta kwashe yaran, ta ce sai na warke. Yaron ko yaye shi ban gama ba. Maƙwabciyar da ba ta wuni ba ta aiko aron turmi ba ta daina aikowa. A makaranta aka ce in zauna gida tukuna. Mai gidana ne kaɗai ya ƙi barin ɗakin, ya ce in dai tarin ne ai ya riga ya gama ɗauka.

Ba na jin haushin waɗanda suka sa ni a maganin nan, ko da yake na daɗe kafin zuciyata ta kai nan. Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma akwai masu shi da gaske waɗanda gwajin kaki ba ya nunawa. Wanda ya wuni yana ganin masu tarin fuka, in mace ta shigo da tari da jini me zai ce? Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka gama maganin ban ji sauƙi ba, babu wanda ya ce to mu sake dubawa. Aka rubuta cewa na kammala, aka rufe katina.

Bayan wasu watanni, ina tsugune ina matse wanki, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji ta dama, ya harba har kafaɗa. Na miƙe, numfashi ya ƙi shiga. Ina jan iska amma rabi take tsayawa. Wani ɗan maƙwabta ne ya samo a-daidaita-sahu aka kai ni asibiti. Hoto ya nuna iska ta fita daga huhun ta taru tsakaninsa da haƙarƙari, ta danne shi har ya sace. Aka yi mini allurar kashe zafi a gefe, aka tsaga, aka zura roba. Ɗaya bakin robar yana cikin wata kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado. Duk lokacin da na yi tari sai ruwan ya yi ɓul-ɓul, nas kuma ta durƙusa ta duba, ta ce har yanzu yana yoyo. Inna ce ta yi jinyata. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a asibitin ma sai dai ta ce wa nas, "Yarinyar nan ba ta runtsa ba jiya." Ta kafa wa kwalbar nan ido dare da rana, in ta ga kumfa ya ragu sai ta taɓa ƙafata ta ce, "Ke, da sauƙi fa."

Aka sallame ni da bayanin cewa tabon tarin fuka ne ya fashe. A gida kuwa an samu wani bayanin. Gwaggona ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mini. Aka yi ruƙiyya, aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi. Addu'a na karɓa hannu biyu-biyu, hayaƙin ne na ce a yi mini afuwa, domin shaƙa ɗaya na yi na kusa shiɗewa.

Ba a rufa shekara ba na hagu ya sace. A wannan karon aka tura mu asibitin koyarwa a wata jiha, kuma a can Allah ya haɗa ni da wata matashiyar likita da ke neman ƙwarewa a sashen huhu. Ta zauna a bakin gadona da tulin takarduna a cinya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, kin taɓa shan taba ko shisha?"

Na ce a'a, Dakta, ko kusa.

"An taɓa samun ƙwayar tarin fuka a kakinki, ko sau ɗaya?"

Na ce ba a taɓa ba.

Ta juya wajen mai gidana ta ce, "Malam, mace mai shekara talatin da 'yan kai, ba ta shan taba, huhu ya sace dama da hagu, dole akwai dalili. Hoton ƙirji na yau da kullum ba zai nuna mana shi ba. Ina so a yi mata hoton CT, irin mai yanka siriri." Kuɗin ya yi mana nauyi. Na roƙi uwar adashinmu ta ba ni kwasar wata, aka haɗa da abin da yayana ya turo.

Na ga hoton da idona a kwamfutar babban likitan sashen. Huhun mai lafiya, in ji shi, toka-toka yake fitowa, sumul. Nawa kuwa kamar an yanka funkaso biyu: ramuka zagayayyu, manya da ƙanana, kowane da siririn bango, sun bazu daga sama har ƙasa a ɓangarorin biyu, babu inda suka bari. Ya nuna mini waɗanda ke can gefe, dab da tantanin da ya lulluɓe huhun, ya ce irin waɗannan ne ke fashewa iska ta fita. Ya ce bangonsu ya yi sirantar da hoton ƙirji na gama-gari sau da yawa ba ya kama su, musamman da farko, shi ya sa aka yi ta ɗaukata hoto ba a gani ba.

Bai yanke hukunci nan take ba. Ya ce akwai wasu cututtuka da ke huda huhu haka, sai an tankaɗe su. Akwai wadda ke kama mashaya taba, ramukanta ba su da siffa ɗaya kuma sun fi yawa a saman huhu. Akwai ta gado da ake kira Birt-Hogg-Dubé, wadda ke zuwa da ƙananan ƙuraje a fuska da wuya, ramukanta kuma sun fi taruwa a ƙasan huhu. Akwai mai tafiya da bushewar ido da baki. Ya yi ta jero tambayoyi: ko idona na bushewa, ko a danginmu akwai wanda huhunsa ya taɓa sacewa. Ya sa likitar nan ta duba fatata kaf, tana neman fararen tabo, da ƙuraje a gefen hanci, da tsiro a gindin farce. Sannan ya tambayi Inna, "Mama, a zuri'arku akwai mai farfaɗiya?"

Inna ta gyara zama ta ce, "Likita, mu dai ba mu gaji wannan ba." Na san ranta ya sosu, domin a wurinmu tambaya ce da ake yi in za a hana aure. Ya ba ta haƙuri ya yi mata bayani. LAM iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa tare da wata cutar gado da ake taƙaita sunanta da TSC, mai taɓa fata da ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma farfaɗiya na cikin alamominta. Akwai kuma wadda ke faɗo wa mace ita kaɗai, ba ta gada ba, ba za ta kuma gadar ba. Tawa ta biyun ce. Na sake tambayarsa don in ji da kyau, ya ce 'yata ba za ta ɗauka daga gare ni ba, kuma babu wanda zai ɗauka ta kofi ko ta numfashi. Na tuna kofin nan mai jan zare, na kasa cewa komai.

Abin da ya kammala binciken a cikin jakar mai gidana yake. Mutum ne da ba ya yar da takarda, ko rasiɗin kemis ne. Da likita ya ce a duba ƙodata, sai ya zaro wani tsohon sakamakon hoton ciki da aka yi mini lokacin ina da cikin yaron. A ƙasan takardar an rubuta cewa an ga wani ɗan ƙulli mai haske a ƙodar hagu. A lokacin hankalin kowa na kan jariri, ba wanda ya bi ta kai. Aka sake hoton CT na ciki, aka tabbatar ƙulli ne mai haɗe da kitse da tsoka da jijiyoyin jini, ba ciwon daji ba ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na masu irin LAM ɗina suna da shi. Likita ya ce a ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Japan suka fitar a 2016 da 2017, in hoton huhu ya nuna irin ramukan nan, aka kuma samu wannan ƙulli a ƙoda, magana ta ƙare, ba sai an yanki tsokar huhu an auna ba. Da babu ƙullin, da sai a nemi wani gwajin jini mai suna VEGF-D, wanda in ya kai 800 ko ya haura yake tabbatar da cutar. Ya ce ba sa yin sa a asibitinsu, sai an aika da jinin wani wuri. In shi ma bai nuna ba, sannan a je ga yanka. Nawa ƙullin bai kai santimita 4 ba, girman da daga shi ake fara tsoron ya fashe ya zubar da jini, don haka sa ido kawai ake yi masa.

Ga yadda na fahimci cutar, a bakin malamar firamare. A jikin mutum akwai ƙwayoyin halitta biyu, TSC1 da TSC2, aikinsu su hana ƙwayoyin jiki hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. In ɗaya ta lalace, akasari TSC2, sai wasu ƙwayoyi masu kama da na tsoka su yi ta yaɗuwa, su bi jini da magudanan ruwan jiki su sauka a huhu. A can suke toshe ƙananan hanyoyin iska, su cinye naman huhun su bar ramuka. Wasu matan ba sacewar huhu ke kai su asibiti ba, wani farin ruwa ne mai kauri ke taruwa musu a ƙirji ko a ciki. Mata ƙalilan ne cikin miliyan aka san suna da ita, kuma an saba mace ta yi shekaru tana yawo da sunan asma kafin a gano. Babban likitan, da furfurarsa da komai, ya ce a littafi ya fi saninta. Ni dai tambayar da na yi ta yi wa kaina ita ce, mu nawa ne a garuruwanmu aka ware wa kofi, alhali hoton CT ɗaya ne tsakaninmu da sanin gaskiya?

Kafin a sallame ni aka yi mini aikin manne huhu da bangon ƙirji. Wata hoda ake zubawa ta cikin robar, ta sa wurin ya kumbura ya haɗe, iska ta rasa inda za ta taru. Ba zan ɓoye muku ba, ya fi haihuwa zafi a wurina, ga zazzaɓi da ya biyo baya. Amma wajen biyu cikin uku na masu LAM huhunsu kan sace, kuma wadda nata ya sace sau ɗaya, mafi yawanci sai ya sake. Shi ya sa ake ba da shawarar a manne tun a karo na farko, in an san cutar ce.

Sai gwajin numfashi. A maƙale miki hanci, ki cika ƙirji, ki hura cikin wani bututu da iya ƙarfinki, mai gwajin yana tsaye a kanki yana cewa, "Hura! Hura! Kar ki tsaya, Malama!" har sai kin ga duhu-duhu. Abin da ake aunawa shi ne yawan iskar da kike fitarwa a daƙiƙar farko. Nawa ya gaza kashi 70 cikin ɗari na abin da ake sa ran mace mai shekaruna da tsayina ta hura, kuma daga nan ne ake fara magani.

Sunan maganin sirolimus. Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ce da aka samo a cikin turɓayar tsibirin Rapa Nui, can tsakiyar tekun Fasifik, kuma an daɗe ana ba wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsu ya ƙi ta. A 2011 aka wallafa sakamakon gwajinsa a kan mata 89 masu LAM a Amurka da Japan da Kanada. Waɗanda suka sha shi tsawon shekara numfashinsu ya tsaya bai ƙara raguwa ba, waɗanda ba su sha ba nasu ya ci gaba da sauka, kuma da aka dakatar da shi raguwar ta dawo. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don LAM a 2015. Wato ba ya warkarwa, ba ya cike ramin da ya riga ya huje, riƙe abin da ya rage yake yi, kuma shansa babu ranar dainawa. Yana rage ƙullin ƙodar ma.

Samunsa wani aiki ne. Ba maganin da za ki aiki yaro kemis ya sayo ba ne. Ta hanyar masu sayar wa 'yan dashen ƙoda magani muka same shi, kuma duk wata albashina kusan a kansa yake ƙarewa, in dala ta motsa shi ma ya motsa. Watannin farko bakina ya yi gyambo har tuwo sai da miya marar yaji, ƙuraje suka feso mini a fuska, kitsen jinina ya hau. Ana auna jinina lokaci-lokaci. Likita ya ja mini kunne a kan abu biyu. Maganin yana rage garkuwar jiki, don haka tarin fukan da aka laƙaba mini a banza yanzu zan iya kamuwa da shi da gaske, in na ji zazzaɓi ko sabon tari kada in zauna. Na biyu, kada in yarda kowa ya sake sa ni a maganin tarin fuka ba da saninsa ba, domin ɗaya daga ciki, wanda ke mai da fitsari ja, yana kore sirolimus daga jini.

Akwai daren da na shiga intanet na karanta cewa mai LAM ba ta wuce shekara goma. Na kwana ina lissafin shekarun 'yata. Da na faɗa wa likitar nan ta ce wannan tsohon bayani ne, na zamanin da sai ciwo ya ci jiki ake ganowa. Bin diddigin da aka yi wa masu cutar a Amurka ya nuna fiye da rabinsu sun haura shekara 20 bayan ganowa ba tare da an yi musu dashen huhu ba. Ita ta nuna mini shafin gidauniyar LAM da aka kafa a 1995 a birnin Sinsinati na Amurka, wadda wata uwa ta assasa bayan an gano cutar a jikin 'yarta. Ta ce rai kuma na Allah ne, na ce haka yake.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ta haihuwa. Cutar tana da alaƙa da sinadarin mata na estirojin, shi ya sa take kama mu a shekarun haihuwa, take kuma lafawa kaɗan bayan al'ada ta ɗauke. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da nake sha tun bayan yaron suna ɗauke da shi, aka ce in daina a ranar, aka sa mini robar mahaifa marar sinadari. Ciki kuma yana iya tsananta cutar, ya jawo sacewar huhu, ga shi ba a son a ɗauki ciki ana kan wannan magani. Likita bai ce mana haramun ba ne. Ya zaunar da mu ni da mai gidana ya faɗi haɗarin, ya ce mu je mu yi shawara. Muka yi istihara, muka tsaya a kan biyun da Allah ya ba mu.

Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta same ni a ɗaki ta ce, "Yanzu ke shi ke nan, daga biyu an rufe? Mu da muka haifi tara ba mu mutu ba." Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ku yi mana addu'a." Mai gidana ne ya ɗauke ta ya kai ta wajen likitan da kanta, aka nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo. Tun daga ranar ba ta sake yi mini maganar ba, amma na san tana yi wa ɗanta maganar ƙarin aure, shi ma bai ɓoye mini ba. Na ce masa ba zan hana shi abin da Allah ya halatta masa ba, abin da na roƙa kawai kada kuɗin magani ya taɓu. Har yanzu maganar tana nan, ba a yi ba, ba a fasa ba.

Na koma aiki. Shugabar makarantarmu ta sauko da ajina ƙasa, ta kuma cire ni daga tsaron yara lokacin shara. Na bar girki da itace. Da hunturu ba na fita sai da takunkumi. Gwajin numfashina na baya-bayan nan bai nuna ƙarin raguwa ba, alhamdu lillahi, kuma ban kai ga buƙatar iskar oksijin ba. Ina yawo da wata takarda a jakata da likita ya rubuta sunan cutar da maganin da nake sha, saboda in abu ya faru a hanya kada a sake farawa daga asma.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne Umara. Yayana ya yi wa Inna alkawarin kujera, ita kuma ta ce ƙafarta ƙafar yarinyar nan. Na kai wa likita maganar. Ya ce iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kuma iskar da ke cikin ramukan huhu takan buɗe in an yi sama, don haka ba zai ce e ko a'a ba sai ya sake ɗaukar hoto, ya kuma auna oksijin ɗina ina tafiya ta minti shida. An ba ni rana bayan Sallah. Inna kuwa tuni ta kai ɗinkin fararen hijabai guda biyu.